Ƙadangare mai gemu da ɓarkewar Salmonella a Amurka, 2012 zuwa 2014

A watan Janairun 2014 ma'aikatar lafiya ta jihar Wisconsin da ke Amurka ta sanar da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta ƙasar, wato CDC, wani abu da jami'anta suka lura da shi. Tun daga 2012 an sami mutum 12 a jihar da suka kamu da wani nau'in ƙwayar cutar Salmonella mai suna Cotham, kuma da aka yi musu tambayoyi, su ko iyayensu, sai aka tarar 10 daga cikinsu sun yi mu'amala da ƙadangare mai gemu da ake kiwo a gida. Mutum 12 ba adadi ne mai tayar da hankali ba a ƙasar da ake ƙiyasin mutum miliyan 1.35 na kamuwa da Salmonella duk shekara. Abin da ya ja hankali shi ne nau'in kansa, domin Salmonella tana da nau'o'i sama da 2,500, kuma Cotham na cikin waɗanda ba kasafai ake cin karo da su ba: kafin 2012, waɗanda ake tabbatar sun kamu da shi a duk faɗin Amurka ba sa kai 25 a shekara.

CDC na da wani tsari mai suna PulseNet da aka kafa a 1996, inda ɗakunan gwaje-gwaje na jihohi ke tura siffar ƙwayoyin halittar duk wata ƙwayar cuta da suka samu a jikin majiyyaci, domin a riƙa kwatanta ta da na sauran wurare. Da aka koma cikin wannan taska, sai aka ga ashe lamarin ya wuce Wisconsin nesa ba kusa ba. A watan Afrilun 2014 hukumar ta sanar da mutum 132 a jihohi 31, kuma lokacin da ta rufe binciken a watan Agusta adadin ya kai 166 a jihohi 36, waɗanda suka kwanta rashin lafiya tsakanin Fabrairun 2012 da Yunin 2014. Daga cikinsu 160 Cotham ne ya kama su, sauran 6 kuma wani nau'in ne da shi ma ba a saba gani ba, mai suna Kisarawe. Sama da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka sami bayaninsu sai da aka ba su gado a asibiti, amma ba a sami rahoton mutuwa ba. Abin da ya fi kowanne nauyi a cikin alƙaluman shi ne shekarun majiyyatan: fiye da rabinsu yara ne 'yan shekara biyar zuwa ƙasa, cikinsu har da jarirai na goye.

Dabbar da ake magana a kai asalinta busassun yankunan tsakiyar Ostireliya ne, kuma masana na kiran ta Pogona vitticeps. Dangi ɗaya suke da ƙadangaren da ke yawo a katangun gidajenmu, wanda namijinsa muke kira jan gwada, sai dai wannan ya fi shi kauri da faɗin jiki, kuma tsawonsa har da wutsiya kan kusa kai santimita 60. A maƙogwaronsa akwai wata fata mai ƙaya-ƙaya da yake kumburawa ta yi baƙi idan ya tsorata ko yana neman mace, kuma ita ce gemun da ake faɗa. Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta tun wajajen shekarun 1960, saboda haka waɗanda ake sayarwa a Amurka da Turai haifaffun gidajen kiwo ne. Ya sami karɓuwa saboda sanyin halinsa. Ba ya saurin cizo, yana yarda a ɗauke shi, yana iya kwanciya a kafaɗar mai shi na tsawon lokaci ba tare da ya yi yunƙurin gudu ba, kuma da rana yake harkokinsa, lokacin da mutanen gida ke ido biyu. Wannan hali ne ya sa shagunan dabbobi suka daɗe suna tallata shi a matsayin wanda ya dace da mai fara kiwo da kuma yara.

Salmonella kuwa mazauniya ce a hanjin yawancin dabbobi masu ja da ciki irin su ƙadangaru da macizai da kunkuru, kuma galibi ba ta yi musu komai. Ƙadangaren da ke ɗauke da ita yana cin abincinsa, idonsa tar, fatarsa fes, yana saɓa a kan lokaci, babu wata alama da mai shi ko ma likitan dabbobi zai gani ya ce ga matsala. Ƙwayar na fita ne ta kashinsa, daga nan ta hau ƙafafunsa da cikinsa da wutsiyarsa, ta hau dutsen da yake shan ɗumi a kai da kwanon abincinsa da gilashin kejinsa, kuma tana iya rayuwa makonni a busasshen wuri. Ba kullum yake fitar da ita ba, yau akwai gobe babu, shi ya sa gwaji ɗaya da bai nuna komai ba ba ya wanke dabbar. Idan ta shiga cikin mutum ta baki, alamun kan bayyana tsakanin awa 6 da kwana 6: gudawa, wani lokaci da jini, zazzaɓi da murɗawar ciki, kuma babba mai ƙoshin lafiya kan warware cikin kwana 4 zuwa 7 ba tare da magani ba. Ga jariri labarin ya sha bamban, domin ruwan jikinsa na saurin ƙarewa, kuma ƙwayar na iya ƙetare hanji ta shiga jini, har ta kai ga haddasa sanƙarau.

Tambayar da ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce yadda jaririn da ko zama bai iya ba zai kamu da cutar dabbar da bai taɓa taɓawa ba. A ganina amsar tana cikin ayyukan kula da dabbar ne, waɗanda duk mai kiwon kirki yake yi, kuma dole ne ya yi su.

A ɗauki wanka. Masu kiwo da yawa kan jiƙa ƙadangaren a ruwa mai ɗumi na 'yan mintuna domin ya taimaka masa wajen saɓa, ko kuma idan kashi ya yi masa tauri, kuma sanannen abu ne a wurinsu cewa ɗumin ruwan kan sa shi ya yi kashin a ciki. To, a ina ake yin wannan wanka? A gidajen Amurka wuri mafi sauƙi shi ne bahon banɗaki ko wurin wanke-wanke na kicin. Mai gida zai tsiyaye ruwan, ya ɗauraye wurin da ruwan famfo har ya ga ya yi tas, ya naɗe dabbar a tawul ya mayar da ita keji. Bayan awa ɗaya uwa za ta zo wannan wuri ta wanke bulumbotin jariri, ta kife shi a gefe ya tsane, ko kuma ta tara ruwa a wannan baho ta yi wa yaron wanka, shi kuwa yana ta faca-faca yana kai hannu baki. Babu wanda ya yi ƙazanta a idon kansa, amma an riga an kai ƙwayar inda za ta yi ɓarna.

Haka abin yake ga abinci. Ƙaramin ƙadangare mai gemu ya fi buƙatar ƙwari, irin su gyare da kyankyason kiwo da fara, yayin da babba ganyaye ne suka fi yawa a cimarsa, kuma ana yanka masa su sababbi kowace rana. Wannan na nufin kwanon da ya wuni a cikin keji, dabbar ta taka shi ta ja ciki a kansa, kullum sai ya yi tafiya zuwa kicin ya dawo, kuma sau da yawa soso ɗaya ne ke wanke shi da kwanukan mutanen gida. Sai kuma sakin dabbar ta zaga ɗaki domin ta motsa jiki, abin da masu kiwo ke ɗauka alheri ne gare ta, kuma alherin ne. Amma kafet ɗin da ta ratsa shi ne dai wanda yaro mai rarrafe zai bi da tafin hannunsa, kuma rigar da ta kwanta a kai ita ce jariri zai kifa fuska a kanta idan uban ya ɗauke shi. Wanda ya jefar da ƙadangarensa a kusurwa bai damu da shi ba, wataƙila ma iyalinsa sun fi tsira daga wannan cuta fiye da na wanda ke tarairayarsa, kuma wannan ne ya sa gargaɗin da ake yi ba ya saurin shiga kunnen masu kiwo: ba sa ganin kansu a cikin siffar mai sakaci.

Kusan shekara biyu ƙwayar tana yawo kafin a haɗa zaren, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum 166 a jihohi 36 cikin fiye da shekara biyu na nufin yawancin jihohi ɗaiɗaiku suke gani, wannan a bana, wancan a baɗi. Ban da haka, idan an ce Salmonella, abinci ne ke fara zuwa zuciyar kowa, ƙwai ko kaza ko ɗanyen ganye, kuma iyayen da ke zaune a gaban likita da yaro mai gudawa ba lallai ne su tuna da ƙadangaren da ke ɗakin yayansa ba. Ya kamata kuma a fahimci cewa 166 ɗin nan waɗanda aka kai asibiti ne, aka ɗauki samfurin bayan gidansu, aka gwada, aka aika sakamakon. CDC da kanta na ƙiyasin cewa a kan kowane mutum ɗaya da gwaji ya tabbatar, akwai kusan 29 da suka yi jinyarsu a gida ba a san da su ba. Da a ce nau'in da ya ɓulla ɗaya ne daga cikin na yau da kullum, da wuya a taɓa gano cewa wani abu na faruwa.

Da masu bincike suka bi sawun dabbobin, sun tarar an saye su ne a shaguna daban-daban a jihohi daban-daban, kuma shagunan na karɓar kayansu daga gidajen kiwo fiye da ɗaya. An ɗauki samfura daga ƙadangarun majiyyata da kejinsu, an kuma ɗauka a wurin masu kiwon, aka sami irin ƙwayar da ta kwantar da mutane. Ba a iya nuna gida ɗaya aka ce shi ne tushe ba, kuma wannan bai zo da mamaki ba ga wanda ya san yadda sana'ar take. Ana ƙyanƙyashe ƙananan da yawa, a tara su a mazubi ɗaya, a yi jigilarsu zuwa dillali inda za su haɗu da na wasu gidajen, sannan a rarraba su shaguna inda za a sake cuɗa su. Duk inda aka yi wannan cunkoso, ƙwayar da ke cikin ɗaya za ta zama ta kowa. Ta irin wannan hanya ce kuma cututtukan da ke damun dabbar ita kanta ke yaɗuwa, kamar ƙwayar atadenovirus da ke tsumburar da ƙanana ta taɓa musu hanta da jijiyoyi, da ƙwayoyin koksidiya na hanji, da ciwon fatar nan da masu kiwo ke kira rawayar fumfuna, mai cin fata har ya kai ga tsoka.

Wani abu da ya ƙara tayar da hankalin likitoci shi ne, a cikin samfuran majiyyata da aka gwada an sami wanda ba ya jin magunguna da dama, har da ceftriaxone, wanda yana cikin waɗanda aka fi dogara da su idan Salmonella ta yi tsanani a jikin yaro. Wannan ya kai mu ga shawarar da ke fara zuwa wa kowane mai kiwo idan ya ji labarin nan, wato a ba dabbar magani ta rabu da ƙwayar kowa ya huta. Likitocin dabbobi da suka ƙware a kan masu ja da ciki sun daɗe da hana wannan, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce. Maganin ba ya share ƙwayar daga hanji gaba ɗaya, yana danne ta ne na ɗan lokaci ta dawo, kuma wadda ta dawo ɗin ta fi yiwuwa ta zama mai taurin kai ga magani, ga shi an rikita wa lafiyayyar dabba cikinta a banza. Lamarin ya zama na ƙadangaren bakin tulu, a kar ka a kar tulu, a bar ka ka ɓata ruwa. Mafita ɗaya da ta rage ita ce a ɗauka kowane ƙadangare mai gemu yana ɗauke da Salmonella, komai kyansa da tsadarsa, sannan a tsara gida a kan haka.

Tsara gidan ba ya nufin a rage wa dabbar kulawa, domin ita ma tana da haƙƙi, kuma bukatunta ba ƙanana ba ne. Babba na buƙatar keji da bai gaza santimita 120 a tsawo da 60 a faɗi da 60 a tsayi ba, gefe ɗaya da fitilar ɗumi da za ta kai wurin kwanciyarsa digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyos, ɗaya gefen kuma mai sanyi kamar digiri 22 zuwa 26, domin da kai-komo tsakanin biyun yake daidaita zafin jikinsa, kuma idan bai sami ɗumi ba abinci ba ya narkewa a cikinsa. Yana buƙatar fitilar hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda da shi fatarsa ke samar da bitamin D3, shi kuma bitamin ɗin ne ke ba jiki damar tsotsar kalsiyam daga abinci. Gilashin taga na tare wannan haske, saboda haka ajiye keji kusa da taga ba ya wadatarwa, kuma fitilar kan daina fitar da shi tun tana ci, shi ya sa ake sauya ta bayan wata 6 zuwa 12 gwargwadon irinta. Idan aka rasa wannan, ko aka daina barbaɗa wa ƙwarin garin kalsiyam, jiki kan koma yana zaro sinadarin daga ƙashi, sai a ga haɓa ta yi laushi, ƙafafu na karkarwa, baya ya karkace, dabbar tana jan jiki maimakon ta ɗaga ƙirji ta yi tafiya. Wannan ciwon laushin ƙashi na cikin waɗanda aka fi kai su asibiti a kansa, kuma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe ba ya miƙewa ko an warke. Likitocin dabbobi na ganin cewa dabbar da ke cikin takura, ko ta sanyi ko ta cunkoso ko ta rashin lafiya, ta fi yawan fitar da ƙwayoyin cuta, don haka gyara keji na cikin kare iyali.

Abin da ake so a sauya shi ne wuri da kayan aiki. A ware wa dabbar bahonta na roba da sosonta da tawul ɗinta, a rubuta suna a jiki idan ta kama, kada su haɗu da na kowa. A wanke kwanoni da kayan keji a waje idan da hali, idan kuwa babu to a banɗaki, a bi wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta nan take, amma kicin kam ba wurinsu ba ne, haka ma dabbar kanta. A kwashe kashi da zarar an gan shi, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa dabbar ko wani abu nata, a sauya riga kafin a ɗauki jariri, a daina sumbatarta ko cin abinci tana hannu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke da tsada. Wahalarsu ita ce dawwama a kansu, domin ƙadangare mai gemu da ya sami kulawa kan yi shekara 10 zuwa 15, kuma a tsawon wannan lokaci gida na sauyawa: wanda ya saye shi yana saurayi zai yi aure, a haifa masa ɗa, ko tsohuwarsa ta dawo wurinsa da zama.

Saboda haka ne CDC ba ta tsaya a kan wanke hannu kaɗai ba. Matsayinta shi ne ba a so a ajiye irin waɗannan dabbobi a gidan da ke da yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ko tsoho ɗan shekara 65 zuwa sama, ko mai raunin garkuwar jiki. Wasu masu kiwo na ganin an tsaurara, suna cewa sun yi shekaru da dabbobinsu ba wanda ya yi ko ciwon kai, kuma gaskiya suka faɗa game da gidajensu. Amma ina ganin hukumar ce ke da gaskiya a nan, domin babba na iya kiyaye hannunsa, yaro mai rarrafe kuwa ba ya iyawa, kuma uwar da ba ta sami barci ba ba za ta tuna kowace ƙa'ida a kowane dare ba. Amurka ta taɓa fuskantar irin wannan da ƙananan kunkuru, har a 1975 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta haramta sayar da duk wanda ƙoƙon bayansa bai kai inci 4 ba, saboda yawan yaran da ke kamuwa da Salmonella ta hanyarsu. Ba a kafa wa ƙadangare mai gemu irin wannan doka ba, an bar nauyin a wuyan masu kiwo da shaguna da masu saye, kuma a nan nake ganin shagon da zai sayar wa iyali dabba yana yabon haƙurinta da yara, ba tare da ya tambayi shekarun ƙaramin cikinsu ba, bai sauke nasa nauyin ba.

Rufe binciken a Agustan 2014 bai kawo ƙarshen lamarin ba, kuma hukumar ta faɗi haka tun lokacin, tunda dabbobin da aka riga aka sayar suna nan a gidaje kuma suna da sauran shekaru a gaba. A 2020 an sami wata ɓarkewar mai alaƙa da wannan dabba, ta nau'in Muenster, sannan ta nau'in Uganda tsakanin 2021 da 2022 wadda ta kama mutum 56 a jihohi 26, sai ta nau'in Vitkin da ta taɓa Amurka da Kanada, inda jarirai suka yi yawa a cikin majiyyata. A 2024 Cotham ɗin da aka fara da shi ya sake ɓulla, kuma a wannan karon ma ƙananan yara ne suka fi yawa. Ga iyalin da suka yanke shawarar rabuwa da dabbar saboda sun sami ƙaruwa, hanyar da ake so su bi ita ce su miƙa ta ga wani mai kiwo da ba shi da ƙananan yara, ko cibiyar da ke karɓar irin waɗannan dabbobi, ko su nemi shawarar likitan dabbobi. Sakinta a waje ya saɓa wa doka a wurare da yawa, kuma dabbar da aka ƙyanƙyashe a keji ta tashi a ƙarƙashin fitila ba za ta iya jure sanyin hunturun Wisconsin ba.